Amsoshin Tambayoyinku: Alamun So, Abota da Zumunci a Ƙagaggen Labari

Masu karatu, assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin da suka iso filin nan a wannan karo a kan abu ɗaya suke, wato yadda marubuci ke ɗora so, abota ko zumunci a kan wani abu da ake gani da ido, kamar hula, kwano ko katanga, maimakon ya tsaya yana faɗa da baki. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Malam, an ba mu jinga mu fito da alamtarwa a cikin wani ƙagaggen labari na Hausa. Na karanta littafin sau biyu, amma na kasa bambanta ta da kamantawa. Kuma ina tsoron kada in ƙaƙaba wa littafi abin da babu shi a ciki. Ta ina zan fara?
Wata ɗaliba, Zariya

AMSA: 'Yar'uwa, mu fara da bambancin. Idan marubuci ya ce sonta ya kama shi kamar wutar daji, kamantawa ce, ga kalmar "kamar" nan tsaye tsakanin abu biyu. Idan ya ce ita ce fitilar gidan, siffantawa ce, ya cire "kamar" ya ce wannan shi ne wancan. Duka biyun ba sa wuce jimlar da suka fito a cikinta. Alamtarwa kuwa abu ne na haƙiƙa da ke cikin labarin, taurari suna taɓa shi, suna bayar da shi, suna ɓoye shi, wani lokaci su fasa shi. Fitila ce ta gaske da ake zuba wa kananzir, uwa tana barin ta a kunne a zaure har ɗanta ya dawo daga hira. Ran da ta yi fushi da shi, sai ya tarar da zauren da duhu. Ba wanda ya tsaya ya yi bayani, amma mai karatu ya gane.

Karatu na uku ki yi shi da fensir a hannu. Ki sami takarda ki raba ta gida huɗu: lambar shafi, abin da aka ambata, a hannun wa yake, da halin da yake ciki, sabo ne ko tsoho, cike ko wayam, a ɓoye ko a fili. Kada ki tsaya neman ma'ana tukuna, ki dai yi ta cikewa. Idan kin gama za ki tarar da abubuwa talatin ko arba'in, mafi yawansu kayan aiki ne kawai, mota don a je Kaduna, kujera don a zauna. Sai ki tace su da tambaya uku.

Ta farko, abin ya sake dawowa? Wanda ya fito sau uku ko fiye, a wurare masu nisa da juna, ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai kuma wanda sau ɗaya zai fito amma a daidai inda labari ya juya, kamar rijiyar da Sumayya ta faɗa a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sa'ad da aka nemi raba ta da Muhammad saboda shi talaka ne. Rijiya ita ke shayar da gida, ita ake taruwa a bakinta safe da yamma. Idan yarinya ta nufe ta don ta halaka kanta, marubuci ya nuna cewa wurin da ya kamata ya rayar da ita ne ya zame mata ramin mutuwa. Ta biyu, abin ya sauya hali ko ya sauya hannu? Alamar da ba ta motsi ado ce kawai. Ta uku, an ba shi kulawar da ta wuce amfaninsa? Idan an kashe layi biyar ana bayanin wani tsohon faifai alhali ba a rufe komai da shi ba, to da walakin.

Ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933 da aka shirya a Zariya. A fili, ruwan magani ne na ɗan Sarki da ke kwance. Amma me ya fitar da Alhaji, tauraron labarin, daga gida? Liman, wanda ya riƙe shi a matsayin uba, shi ya ce ruwan Bagaja zai warkar da yaron, aka wulaƙanta shi a fada. Saboda haka abin da Alhaji ya tafi ɗebowa mutuncin ubansa ne, kuma duk wahalar hanya ita ce kuɗin da ɗa ya biya don a daina ganin uban a matsayin maƙaryaci. Kin ga hujjar daga cikin labarin ta fito, ba daga kanki ba. Haka za ki rubuta kowace alama: abin, wuraren da ya fito da lambobin shafi, yadda ya sauya, sannan ma'ana a ƙarshe.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne ɗauko jerin ma'anoni daga intanet, a liƙa wa littafin Hausa. A wurin Turawa mujiya alamar hikima ce, a wurinmu tsuntsuwa ce da ake ƙyama, ana camfa kukanta. Za ki ga an rubuta cewa fari alheri ne a ko'ina, alhali muna da farin jini da farin ciki, muna kuma da farar ƙafa, ga likkafani shi ma fari. Ma'anar launi ko dabba tana hannun al'ummar da labarin ya fito daga cikinta, sannan tana hannun shafin da aka ambace ta.

TAMBAYA: Ina rubuta labarin soyayya ina sakawa kashi-kashi a WhatsApp. Masu karatuna sun ce labarin yana da daɗi amma ya yi kama da fim ɗin Indiya, saboda jan fure da lambu da ruwan sama sun yi yawa. To da me zan nuna so in ban sa waɗannan ba?
Wata marubuciya mai tasowa, Gusau

AMSA: Malama, masu karatunki sun yi miki gata da suka faɗa miki gaskiya. Laifin furen ba don baƙo ba ne. Laifinsa shi ne bai ci wa saurayin komai ba, kuma bai gaya mana komai a kansa ba. Duk wanda ke da kuɗin mota zai iya tsinko fure. Alamar so tana yin nauyi ne gwargwadon abin da ta ci wa mai bayarwa, lokaci ko ƙarfi ko kunya. Neman aure a ƙasar Hausa kuwa cike yake da irin waɗannan, tun daga ranar farko har ranar buɗar kai.

Dubi zance kaɗai. Saurayi ya tsaya a ƙofar gida ya aiki yaro. Minti nawa ta yi kafin ta fito? Da tabarma ta fito ko hannu rabbana? Tsohuwar tabarmar da ake shanya a kai ta aiko, ko sabuwar da ke naɗe a bayan ƙofar ɗakin innarta? An kawo ruwa? A wane kofi? Idan samari biyu ke zuwa, ki ba ɗaya sabuwar tabarma da ruwan randa mai sanyi, ki bar ɗayan a jingine da babur ɗinsa yana kaɗa makulli, kin gama gaya mana inda zuciyarta take ba tare da ta buɗe baki ba. Ran da aka yi mata dole, iyaye suka ce a shimfiɗa wa mai kuɗin sabuwar tabarmar, mai karatu zai ji zafin abin fiye da shafi uku na kuka.

Ga hula ɗinkin hannu. Aiki ne na makonni, allura da zare, ido yana ciwo. Kafin ta fara sai ta san lambar kansa, 22 ce ko 23, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambaye shi ba, sai ta bi ta hannun ƙanwarsa. Nan kaɗai kin sami babi guda. Sannan hular tana iya tafiya da labarin: an fara ta, an ajiye ta a ƙasan akwati da allura soke a jiki lokacin da aka ɓata, an ɗauko an ƙarasa, ko kuwa an ƙarasa ta amma wani ne ya sa ta ran ɗaurin aure. Fitowa uku ko huɗu sun isa a littafi guda, kowace da sauyinta.

Lalle kuma agogo ne da marubuta ba su cika amfani da shi ba. Na fata yana dishewa cikin mako biyu ko uku, amma na farce ba ya fita sai farcen ya tofo an yanke, abin da ke ɗaukar wata huɗu zuwa shida. Idan kika nuna amarya ta dawo gidansu da takardar saki, jan lallen bikinta yana nan a rabin farcenta, ba sai kin faɗi watannin da auren ya yi ba. Goro ma haka. Ƙwarya guda goro ɗari ne, ana adana shi cikin ɗanyen ganye ana yayyafa ruwa. In an yi sakaci ya bushe, ko sankara ta ci cikinsa alhali bayansa sumul. Goron sa rana da aka fasa aka tarar da sankara a ciki ya isa ya sa gaban mai karatu ya faɗi. Sai kuma mayar da kaya. A al'ada, in an fasa aure akan tattara abin da saurayi ya kawo a mayar masa. Ki lissafa kayan da aka mayar ɗaya bayan ɗaya, sannan ki bar abu guda, ƙaramar kwalbar turare da ta ƙare, wadda yarinyar ta ɓoye ba ta mayar ba.

Abubuwa biyu ke ɓata wannan aiki. Na farko kuskuren al'ada. Sadaki haƙƙin amarya ne, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari, kuma tsakanin wakilin ango da waliyyin amarya ake ambatonsa a gaban shaidu, ba a wurin zance ake miƙa mata ba. Lefe mata ne dangin ango ke kai shi, a ba su tukwici, ango ba ya ɗauko akwatuna da kansa. Tsarin yana ɗan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ki tambayi tsofaffin garin da kika ɗora labarinki a kai. Mai karatu yana ganin kuskure ɗaya irin wannan, sai ya daina yarda da sauran. Na biyu, fassara alama da bakin marubuci. Kin nuna lallen a farce, sai kuma ki ƙara da cewa wannan ya nuna auren bai daɗe ba. Ki share wannan layin. Alama kamar daddawa take a miya, ana jin ta ba a ganin ta, in ta fito fili ta yi yawa ke nan.

Idan kuma tauraronki ɗan boko ne da ya girma a Abuja, wanda da gaske zai sayi fure, ki bar shi ya kawo. Sai dai ki nuna mana kakar yarinyar tana jujjuya shi tana tambaya ko na miya ne. A nan furen ya yi aiki, ya nuna tazarar da ke tsakanin gidajen biyu.

TAMBAYA: Ina koyar da adabi a makarantar sakandare. Ɗalibaina suna tambayata me ya sa iyaye a littattafan Hausa ba sa gaya wa 'ya'yansu suna son su, har wasu suka ce uwar da ke cikin littafin da muke karantawa ba ta ƙaunar babban ɗanta. Yaya zan warware musu?
Wani malami, Damagaram

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira. Wannan tambaya tana da muhimmanci ƙwarai, domin yaran da suka kasa karanta shirun uwa a littafi za su iya kasa karanta shi a gida. Ka fara musu da alkunyar ɗan fari. A al'adar Bahaushe, da ta Fulani ma fiye da haka, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ko amsa gaisuwarsa ba ta yi da sakin fuska. Sau da yawa kaka ko goggo ake ba riƙonsa. Marubucin da ya san wannan ba zai sa uwar ta rungume babban ɗanta tana kiran sunansa ba, sai ya nemi wata ƙofa da son zai fito.

Ƙofofin sanannu ne. Akwai abinci: ɗumamen da aka rufe aka tura bayan randa don kada ƙannensa su gani, tsokar da aka binne a ƙasan tuwo. Akwai zanin goyo, wanda uwa ke adanawa shekara da shekaru, ta fito da shi ran sunan jikanta. Akwai kayan ɗaki, waɗanda uwa ke fara tarawa tun 'yarta tana ƙarama, kwano ɗaya yau, tasa ɗaya gobe, da kuɗin adashi da ribar ƙuli-ƙuli. Idan irin wannan uwa ta kwance kayan ɗakinta na aure ko ta sayar da ɗan kunnenta na gwal don a biya kuɗin jarrabawa, ta faɗi abin da bakinta ba zai iya ba. Mafi nauyinsu duka nono ne da albarka. Shi ya sa idan uwa ta ce za ta ɗaga wa ɗa nono, ko ta ce ba ta yafe ba, labari ya kai maƙura, ba abin da ya rage sai ɗa ya durƙusa ko ya lalace. A wajen uba kuwa, ka sa su lura da wanda ake kira ya ci abinci tare da shi a zaure, da wanda aka ba makullin rumbu ko na shago, da ranar da uba ya amsa gaisuwa da "lafiya" kaɗai bai sa albarka ba.

Littattafanmu sun nuna wannan tun farko. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwar Umar ba ta yi dogon jawabi a kan son ɗanta ba. Fita ta yi nemansa bayan an sace shi, ta faɗa cikin bauta, aka ƙetare Sahara da ita, ta jure har ta gan shi da idonta, sannan ta rasu ba da jimawa ba. Tafiyar ita ce son. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, bayan Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta, sana'ar sayar da abinci ta kama ta riƙe su da ita. Tukunyar da mijin ya ƙi cikawa ita matar ta mayar abin dogaro.

Ga aikin da za ka iya yi cikin darasi guda na minti arba'in. Ka raba ajin gida huɗu, ka ba kowane rukuni babi ɗaya. Minti goma sha biyar su rubuta jeri biyu, abin da uwar ta faɗa wa ɗan da abin da ta yi masa da hannunta. Minti goma a kwafe su a allo. Za su ga jerin farko gajere ne, wani lokaci ma faɗa ne zalla, na biyu kuwa ya cika allo. Sauran lokacin ka tambaye su wa ke faɗin abin da uwar ta kasa faɗa, domin kusan kullum akwai mai yi mata baki, kaka ko ƙanwar uwa ko maƙwabciya. Ka kuma ja kunnensu cewa ba kowane shiru ne alkunya ba. Idan jerin ayyukan ma wayam yake, ko kuma alherin duk ya karkata ga 'ya'yan wani ɗaki, to marubuci gaba yake nunawa.

TAMBAYA: Na lura a yawancin littattafan da nake karantawa aboki ko dai ɗan aike ne tsakanin masoya, ko maci amana. Babu wata hanya ta nuna abota ta gaskiya?
Wani mai karatu, Zangon Kumasi

AMSA: Ɗan'uwa, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma dalilinsa ɗaya ne: an hana abokin tasa buƙatar. Ba shi da uwa mara lafiya, ba shi da bashi, ba shi da wadda yake so, ya zo duniya ne kawai don ya raka tauraro zance. Abota kuwa ba-ni-in-ba-ka ce. Duk alamar da za a ɗora mata dole ta je ta dawo.

Mata sun fi kowa sanin wannan ta hanyar biki. Ƙawa ta kawo gudummawa ran sunanki, ke ma ran nata ki mayar, akasari da ƙari a kai, kuma kowa na riƙe da lissafi. Marubucin da ya bi wannan lissafi daga biki zuwa biki zai nuna ƙawance yana girma, ya nuna ranar da ɗaya ta yi arziki ta kawo abin da ɗayar ba za ta iya ramawa ba, ya nuna yadda kyauta ke zama nauyi. Anko ma haka, wa aka kai wa, wa aka manta, wa aka saya wa a ɓoye don kada ta ji kunya. A wajen maza akwai cin tuwo a kwano ɗaya, akwai babbar rigar da ake aro ran zuwa gaisuwar surukai, akwai ajiya. Ajiya ta fi su ƙarfi duka. Mutum zai tafi ci-rani ya bar wa amininsa kuɗi a ƙulle ko takardar fili, ya yi shekaru. Abokin ya shiga matsi, ƙullin yana ƙarƙashin katifarsa. Kowane dare da bai kwance ƙullin ba shafi ne na abota. In ma zai kwance a ƙarshe, mai karatu ya ga yadda aka yi, ba a wayi gari kawai aka ce masa amini ya zama mugu ba. Cin amanar da ba a shuka irinsa tun farkon littafi ba, mai karatu ba ya yarda da shi.

Magabata sun bar misali. A labarin da ya ɗaure littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, abin da ke fizgar Musa ɗan Sarki ya fita daga fada shi ne son bin amininsa Mahmudu fagen yaƙi, har sai da aku ya yi ta tsare shi da labarai dare bayan dare. A Ruwan Bagaja kuma, Alhaji da Malam Zurƙe sun yi ta rama wa juna tsiya daga gari zuwa gari kafin su shirya, wato ramuwar ce ta zama igiyar da ta ɗaure su.

TAMBAYA: Ina rubuta littafi a kan gidan da ya watse bayan rasuwar maigida, mata uku da 'ya'ya goma sha huɗu. Na ga duk babin ya zama cacar baki. Yaya zan nuna zumunci yana tsinkewa ba tare da surutu ya yi yawa ba?
Wani marubuci, Maraɗi

AMSA: Malam, kafin ka ƙara rubuta layi ɗaya, ka zana gidan a takarda. Ka sa zaure, turaka, ɗakin kowace mace da inda ƙofarsa ke kallo, madafi, rijiya ko famfo, rumbu in ƙauye ne, da bishiyar tsakar gida. Wannan zane shi ne babbar alamarka, domin zumunci a gidan Bahaushe a kan abubuwan da ake tarayya a kansu yake zaune, kuma yana tsinkewa ne ta hanyar raba su ɗaya bayan ɗaya.

Ka bi su a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuyar gyaruwa. Tukunya ce farko. Da maigida na raye girki kwana bibbiyu ne, tukunya ɗaya, ana rabawa. Bayan sadakar arba'in sai ka nuna an kafa murhu na biyu a ƙofar wani ɗaki, hayaƙi biyu na tashi daga gida ɗaya. Daga nan kwano. Da azumi ɗakin uwargida ya aika wa ɗakin amarya kunu, kwanon ya dawo da ƙosai a ciki. Wata shekara ya dawo wayam amma a wanke. Wata shekarar ya dawo yadda aka kai shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Sannan kwaɗo ya bayyana a ƙofar turaka, kowa na tambayar wa ke riƙe da makulli. Sannan wani ya fasa sabuwar ƙofa ta baya don kada ya bi ta zaure ya gaida yayansa. Katanga ita ce ƙarshe, kada ka yi saurin gina ta. Ka tanadi tambayar da za ta tsaya wa kowa a rai: rijiyar a ɓangaren wa za ta faɗa, kuma wa zai sare bishiyar da layin ya bi ta kanta?

Lokutan ma suna hannunka. Sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, da fitar takaba bayan wata huɗu da kwana goma, matakai ne da za ka auna gidan da su. Ka ƙirga waɗanda suka zauna tabarma ɗaya a kowane taro, adadin yana raguwa. Ka kuma tsare lissafin gado, domin masu karatu sun san shi. Idan mamaci ya bar 'ya'ya, matansa uku tumuni ɗaya za su raba a tsakaninsu, ba kowace da nata tumunin ba, kuma ɗa namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Saboda haka ɗakin da ya fi 'ya'ya maza shi yakan fi kaso, kuma daga nan 'yan ubanci yakan sami abin kamawa.

Kada ka manta da suna. Jikan da aka sa wa sunan marigayi, wanda matan gidan duka ba sa iya kiran sunansa sai Abba ko Baba Ƙarami, shi kaɗai ke iya shiga kowane ɗaki a ba shi abinci ko bayan an ja katanga. In kana neman hanyar sulhu, ta ƙafarsa za ta bi, tunda zumunta a ƙafa take. Da waɗannan a hannunka, cacar baki biyu ko uku sun ishe ka a littafin duka.

TAMBAYA: Ni dai ina karanta littattafan nan tun ina yaro. Anya marubutan sun nufi duk waɗannan ma'anoni, ko ku malamai ne ke ƙara gishiri?
Wani dattijo, Katsina

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Wasu sun nufa, kuma sunayen littattafansu ne shaida. Jiki Magayi, Kitsen Rogo, Turmin Danya, Allura Cikin Ruwa, duk daga karin magana da salon maganar Hausa aka ciro su, an aza wa mai karatu alama tun daga bango. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, yaron da Malam Shehu ya daɗe yana nema ana kiransa Kyauta, sai ga shi ta hannunsa bala'i ya faɗa wa uban, sakamakon raba Zainab da Abubakar da aka yi da ƙarfin dukiya. Da wuya a ce wannan suna haka kawai ya faɗo. Wasu alamun kuma marubuci bai zauna ya tsara su ba, al'adar da ya tashi a ciki ce ta sa su a alƙalaminsa, kuma wannan bai hana su zama a shafin ba. Amma kuna da gaskiya cewa akan wuce gona da iri. Ma'aunin da muke bi shi ne, duk wanda ya ce abu kaza yana nufin kaza, ya buɗe littafin ya nuna wuri biyu ko uku da suka goyi bayansa, ya kuma nuna cewa babu wani shafi da ya ƙaryata shi. In ya kasa, ra'ayinsa ne ya faɗa, ba abin da littafin ya ce ba.